Kush ɗin yara da audugar mata a unguwar da motar shara ba ta shiga

Uwar Tagwaye ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina zaune ne a gefen garin Damagaram, cikin irin unguwannin nan da suka tashi ba tare da an auna fili ko an fitar da titi ba, inda kowa ya sayi yanki daga gonar wani ya aza gininsa, har lungunanmu suka zama ba mai ratsa su sai babur da amalanken jaki. Motar shara ba ta shigowa wurinmu, kuma ko da an turo ta babu inda za ta juya. Abin da ya dame ni har na kasa yin shiru shi ne kush ɗin yara, wanda wasu ke kira pampas, da audugar mata, domin yanzu su ne suka fi ɗaukar ido a jujin da ke bayan gidajenmu.

Bayan ruwan da aka yi a makon jiya, na fita da manjagara don in buɗe wa ruwa hanya, saboda ya taru a gindin katangarmu ta ƙasa har ta fara jiƙa. Da na soma ja, sai na tarar kush ne suka toshe hanyar, kowane ya sha ruwa ya kumbura, ya yi nauyi kamar ɗanyen tubali. Karnuka sun yayyaga wasu cikin dare, abin da ke ciki mai kama da ƙananan ƙanƙara ya watsu a kan yashi. Ina cikin wannan aiki na hangi ɗan maƙwabciyata, wanda bai wuce shekara biyu ba, ya tsuguna yana tsintar ƙwayoyin nan masu santsi yana matsawa da yatsu, saura ƙiris ya kai baki. Na ɗauke shi na wanke masa hannu da sabulu, amma har yau abin bai bar raina ba.

Ba zan ɗora wa wasu laifi in ware kaina ba. Tagwayena watansu 9, kuma ina sa musu kush da dare, da ranar zuwa awo, da ranar biki ko suna. Duk wanda ya san Damagaram ya san darajar ruwa a nan, musamman da bazara idan bido, wato jarkokin ruwa, suka yi layi a bakin famfo tun asuba, don haka uwar da ke da yara biyu ba za ta iya wankin tsumma sau goma a rana ba. Abin da nake yi shi ne in ƙulle kush ɗin a baƙar leda, in jira bayan magariba, in ba almajirin gidanmu ya fitar, ban taɓa tambayarsa inda yake kai ta ba. A ranar manjagaran nan ne na gane cewa daga cikin abin da nake ja har da nawa.

Muna da ƙungiyar adashi ta matan unguwa, kuma na kawo maganar a zamanmu. Wasu sun ce a riƙa jefawa a masai, wasu sun ce a ƙona, wata dattijuwa ta ce haram a ƙona kashin yaro domin ƙuraje za su fito masa, wasu kuma sun ce kowa ta binne a tsakar gidanta. Da na ambaci audugar mata sai wurin ya yi tsit, kowa ta sunkuyar da kai. Tambayata ita ce, a unguwa irin tamu, wace hanya ce ta dace a bi wajen tara wannan nau'in shara daban, wa ya kamata ya kwashe ta, kuma ina za a kai ta?

Tsohuwar Ungozoma ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ƴata, Allah Ya raya miki tagwayen, Ya kuma yi miki albarka da kika fito da maganar da mata da yawa ke ɓoyewa. Na shafe shekarun aikina a ɗakin haihuwa da wurin awon yara, don haka zan fara da abin da na fi sani.

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin iyayenmu, cewa kashin jariri ba shi da dauɗa tunda nono kawai yake sha. Wannan kuskure ne mai haɗari. Ƙananan yara su ne suka fi yawan yin zawo, kuma ƙwayoyin cutar da ke haddasa shi suna fita ne a bayan gidansu da yawan gaske. Ƙwayar rota, wadda aka shigar da rigakafinta cikin rigakafin yara a Nijar a 2014, ta wannan hanya take yaɗuwa, haka ma shan inna, da tsutsar ciki, da kwalara wadda ta addabi jihohin Maraɗi da Damagaram a daminar 2021. Kush ɗaya da aka yar a lungu daidai yake da mutum ya yi bahaya a fili, sai dai shi wannan an naɗe shi a cikin roba wadda ke riƙe masa danshi, ƙuda na sauka a kansa ya tashi ya sauka a kan kwanon fura.

Saboda haka aikin farko yana cikin gida ne, kafin a kai ga maganar mai kwasa. Idan an cire wa yaro kush, a kankare kashin da ɗan kara ko tsinke a zuba shi a masai, domin can ne mazauninsa. Sannan a naɗe kush ɗin ciki ya koma ciki, a manne shi da mannensa na gefe, a ƙulle, a ajiye inda kaji da yara ba su kai ba, uwa kuma ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa nono ko tukunya. Wannan kaɗai ya rage yawancin haɗarin da warin. Kada a jefa kush ɗin kansa cikin masai, zan bar wa masu sana'ar su faɗi dalili.

Ina kuma roƙon matasan iyaye kada su manta da abin da muka gada. Mu a zamaninmu uwa takan miƙe ƙafafu ta ɗora jariri a kansu da safe da bayan shan nono, har ya saba da lokacinsa, idan ya iya zama a koma wa fo. Yaran da aka yi wa haka suna barin tsumma da wuri. Na sha ganin yaro an kawo shi awo da kush ɗin da ya kwana ya yini a jikinsa don tsimin kuɗi, matsematsinsa ya yi ja ya saɓule, uwar kuma tana cewa ai wani ne ya ƙona kashinsa. Fitsari da zafi da daɗewa ne suka yi masa haka, wuta ba ta da hannu a ciki.

Maganar audugar mata kuwa, shirun da aka yi miki amsa ce babba. An raine mu a kan cewa jinin al'ada ba abin da wani zai gani ba ne, kuma mata da yawa suna tsoron kada maƙiyi ya tsinci audugarsu ya kai wa boka a hana su haihuwa. Ko ke ba ki yarda da wannan ba, wadda ta yarda ba za ta taɓa jefa audugarta a tano, wato gangar zuba shara, da ke bakin titi ba, inda maza ke zaune a majalisa suna kallon wanda ya fito da leda. Shi ya sa wasu ke wanke audugar tas kafin su yar, da ruwan da ake saya da tsada, wasu kuma su tura ta masai cikin dare. Ta fuskar lafiya wankin nan ba dole ba ne, naɗewa da ƙullewa sun isa. Ta fuskar addini kuma a tambayi malamai mata na islamiyya su yi bayani a cikin aji, inda ba kunya. Shawarata ita ce mace ce za ta riƙa shiga gidaje tana karɓa daga hannun mata, a cikin bokiti mai murfi, kuma a haɗa kush da auduga a ƙulli iri ɗaya yadda ba wanda zai iya bambance na wane gida ne ko mene ne a ciki.

Mai Amalanke ya amsa:

Hajiya, ina gaishe ki, ina kuma gaishe da Inna Ungozoma, Allah Ya ƙara girma. Ni sana'ata kwasar shara ce da amalanken jaki, na daɗe a cikinta, yanzu kuma akwai yara uku da ke aiki tare da ni. Ina so in faɗi yadda abin yake daga wajen wanda ke ɗauka da hannunsa.

A da, sharar gida toka ce da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da turɓaya. Irin wannan shara kuɗi ce, domin kafin damina manoman kewayen gari suna neman a zuba musu ita a gona ta zama taki, wani ma har ya biya. Yanzu idan manomi ya soka sanda a cikin lodin ya ga kush, sai ya ce a juya da shi, kuma yana da gaskiya, domin abin ba ya ruɓewa, shekara ta zagayo hauya ta sake tono shi. To ka ga lodin da a da nake samun kuɗi biyu a kansa, na mai gida da na mai gona, ya koma kaya a wuyana. Wannan kaɗai ya isa ya sa in goyi bayan a ware shi daban.

Na biyu shi ne abin da muke gamuwa da shi. Ledar da ake ƙulle kush a ciki siririya ce, idan ta kwana uku a rana ta yi laushi, kana ɗagawa sai ta fashe. Na taɓa ganin ɗaya daga cikin yarana abin ya zubo masa daga gwiwar hannu har ƙirji, a tsakiyar lungu, babu ruwa kusa, sai da ƙasa ya goge, kuma a haka ya ci gaba da aiki har azahar bai iya yin salla ba sai da ya koma gida ya yi wanka. Masu gida ba su san wannan ba, domin su da zarar leda ta fita ƙofa magana ta ƙare. Awaki da tumakin da ke kiwo a juji kuma suna cin ledar, kowane mahauci zai gaya miki abin da yake cirowa daga tumbinsu.

Game da masai da Inna ta bar mana, ina da aboki mai aikin yasarsa. Ramin masai yana daɗewa ne saboda abin da ke ciki yana narkewa yana raguwa, ruwansa kuma ƙasa na shanyewa. Kush da auduga ba sa narkewa, sai ma su sha ruwan su kumbura, ramin da ya kamata ya yi shekaru ya cika da wuri. Idan an kira motar zuƙa, su ne ke toshe mata tiyo, a unguwa irin taku kuwa da mota ba ta shiga, mutum ne zai sauka da bokiti da shebur ya fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowa ya san ƙasar Damagaram, a wurare da yawa ba ka yin nisa da haƙa sai ka ci karo da dutse, sabon rami ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Inda zan ɗan saɓa wa Inna, tare da girmamawa, shi ne maganar mace mai bin gidaje. Tsarin yana da kyau, amma rabin hanya ne. Idan ta cika bokitinta, ina za ta juye? Dole a sami tano mai murfi da kwaɗo, a ajiye shi a cikin wani gida ko kango mai ƙofa, kuma dole amalanke ya zo ya ɗauka a ranakun da aka sani, aƙalla sau biyu a mako, domin a zafin watan Afrilu da Mayu tanon da ya wuce kwana uku ba mai yarda ya zauna kusa da shi. Na ga ƙungiyoyi sun fara irin wannan da ɗoki, aka sayi tano aka yi masa fenti, wata biyu kuɗin wata ya daina shigowa, mai amalanke ya daina zuwa, tanon ya zama sabon juji. A ganina gara a karɓi kuɗin a wurin zubin adashi, ko dala goma ce a mako, da a ce sai ƙarshen wata a bi gida gida. A cikin kuɗin a ware na safar hannu mai kauri da takalmin roba da sabulu. Abu mafi muhimmanci, kada ku karɓi ƙulli ko ɗaya daga hannun kowa sai kun san takamaiman wurin da za a sauke shi. Idan ba ku nuna wa mai amalanke wuri ba, zai kai shi kwarin da ya fi kusa ko bakin tabki, ruwan farko kuma ya dawo muku da shi.

Malamar Lakwal ta amsa:

Ƴar'uwa, ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato ƴanmata. Ina koyarwa a makarantar da yawancin ɗalibanta daga irin unguwarku suke fitowa. Yarinyar da ta canza auduga a makaranta ba ta da inda za ta sa ta, sai ta naɗe a takardar littafi ta cusa a jaka ta yini da ita, idan an tashi kuma ta yar a lungun da ba kowa kafin ta isa gida, domin ba ta son ƙannenta maza su gani. Wasu don gudun haka sai su ƙi canzawa tun safe har yamma, alhali bai kamata auduga ta wuce awa 6 zuwa 8 a jiki ba, wasu kuma su ƙi zuwa makarantar gaba ɗaya a kwanakin. Idan tsarinku na matan aure ne kawai, wani kaso na audugar da ke lungu zai ci gaba da zuwa. Ku sa iyaye mata su gaya wa ƴaƴansu cewa ƙullin gidan nasu ne su ma, kuma ba mai buɗewa.

Akwai audugar da ake wankewa a sake amfani da ita, wadda teloli ke iya ɗinkawa, kuma ita ce ƙunzugun iyayenmu aka gyara masa fasali. Tana rage shara sosai, amma ina faɗa wa ɗalibaina sharaɗinta: sabulu, da ruwa mai tsabta, da shanya a rana har ta bushe ƙayau. Wadda kunya za ta sa ta shanya ta a ƙarƙashin katifa, cuta take nema wa kanta. Ana iya rufa mata ɗan siririn mayafi a kan igiya, rana ta ratsa, ido bai gani ba. Ranar 28 ga Mayu ta kowace shekara ita ce aka keɓe a duniya don tsabtar al'ada, kuma takan ba mu dalilin tara iyaye mata a yi wannan magana a fili.

Ɗan Birni a Yamai ya amsa:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Ni haifaffen Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram, aikina kuma ya shafi tsabtar muhalli, don haka zan yi magana a kan ƙonawa da binnewa.

Kush ba auduga ba ce kamar yadda ake zato. Bayansa roba ce irin ta leda, cikinsa akwai ɓargon itace da aka niƙa, da wani gari mai kama da gishiri da ake kira sodiyam poliyakirilet, wanda ke shan fitsari ninkin nauyinsa sau da yawa ya zama ƙwayoyin nan masu santsi da kika gani a hannun yaron. Audugar mata ta kanti ma kusan haka take. Wannan garin shi ne dalilin da ya sa kush da aka yi amfani da shi ba ya cin wuta da kyau, domin ruwa ne cike da shi. Idan an cinna masa wuta a juji, robar waje ta narke, cikin ya yi ta turnuƙe hayaƙi na awoyi, a ƙarshe a sami dunƙule rabinsa ɗanye. Hayaƙin roba a ƙananan wuta yana cutar da huhu, musamman na jarirai da masu asma, kuma a lungu mai matsi cikin ɗakuna yake shiga. Ƙonawar da ake yarda da ita tana buƙatar tanderun da zafinsa ya kai digiri 850 ko fiye, abin da tanon da aka huda wa gindi ba zai taɓa kaiwa ba. Saboda haka ni ma ina hana ƙonawa, kamar dattijuwar ƙungiyarku, ko da yake dalilinmu ya bambanta. Ba sai kun yi jayayya da ita ba, tunda matsayinku ɗaya.

Kafin ku nemi wuri, ku yi lissafi. Mu ƙaddara gida 60 ne suka shiga, kowane da yaro ɗaya mai amfani da kush 2 a rana. Wannan 120 ke nan a rana, 840 a mako. Idan muka ɗauka kowane ya kai giram 200 bayan an yi amfani da shi, ana maganar kilo 168 a mako, kusan tan 9 a shekara, daga unguwa ɗaya. Ku ƙirga naku na gaskiya na tsawon mako guda, domin shi zai nuna muku yawan tano da girman rami.

Hanya mafi kyau ita ce kayan su isa inda gari ke zubar da shararsa. A dokar ƙananan hukumomi ta 2010, tsabtar gari da kwasar shara suna cikin aikin hukumar gari, kuma akwai dokar tsabtar jama'a tun 1993. Birnin Damagaram ya kasu gundumomi 5, ku bi ta hannun mai unguwa ku je sashen tsabta na gundumarku, ku roƙi a nuna muku wurin da mota ke iya tsayawa a bakin babban titi, amalanke ya riƙa kai tanon can a ranar da motar ke wucewa. Idan hakan bai samu ba, sai rami na musamman a bayan gari. Ƙa'idar da ake bi ita ce ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, gindinsa ya kasance sama da ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi, kada ya kasance a kwari ko hanyar da ruwa ke bi zuwa tabki, a kewaye shi da ƙaya ko waya saboda karnuka da yara, kuma duk ranar da aka zuba a rufe da ƙasa. Binnewar kowa a tsakar gidansa ba za ta yiwu ba, lissafin da ke sama ya nuna fili zai ƙare cikin watanni.

Wasu wurare sun gwada abubuwan da za mu iya dubawa. A birnin Pune na Indiya, ƙungiyar masu kwasar shara mai suna SWaCH ta fito da tsari a 2017, inda ake naɗe irin wannan shara a takarda a ɗiga mata jan tabo, don mai kwasa ya gane kada ya buɗe. Manufar tana da kyau, amma bayan abin da Inna Ungozoma ta faɗa, ina ganin alamar da ke shelar abin da ke ciki ba za ta karɓu a wurinmu ba. Bokitin ne ya kamata ya zama daban, ƙullin ya zauna ba alama. A Italiya kuma, kusa da Treviso, an buɗe masana'anta a 2017 don dafa kush da tururi a raba roba da ɓargon itace, mai iya sarrafa tan 10,000 a shekara, sai dai wannan ya yi mana nisa a yanzu. Wani abin lura shi ne baƙar ledar da ake ƙullin da ita, wadda dokar watan Nuwamba na 2014 ta hana shigo da ita da sayar da ita a Nijar; idan an naɗe kush da mannensa aka sa a bokiti mai murfi, takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida ta wadatar.

Ruwan da kika ce ya taru a gindin katangarki ya tsaya mini a rai. Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda na taso ina salla a cikinsa. Ba shara ce ta rushe shi ba, amma ya nuna abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa, kuma katangar da ruwa ke kwana a gindinta saboda toshewar hanya ba ta buƙatar ruwa mai yawa irin na wannan shekarar.

Uwar Tagwaye ta sake rubutawa:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa matan ƙungiyarmu amsoshinku a zaman ranar Juma'a, kuma a wannan karon an yi magana, har a kan audugar. Wata bazawara a cikinmu, wadda kowa ya yarda da riƙon sirrinta domin ita ke wankan jego a unguwa, ta ce za ta ɗauki aikin bin gidaje da hantsi, lokacin da maza suka fita, idan za a ba ta safar hannu da bokiti biyu masu murfi da ladan da aka yanke. Dattijuwar da ta hana ƙonawa ta ba da kangon ɗanta mai ƙofar langa-langa a ajiye tanon. Mun amince a ƙara dala goma a kan zubin kowane mako, kuma mun fara ƙirgar da Ɗan Birni ya ce, kowace mace tana ajiye tsakuwa ɗaya a gwangwani duk kush ɗin da ta cire.

Ba mu karɓi ƙulli ko ɗaya ba tukuna, bisa gargaɗin Malam Mai Amalanke. Mai unguwa ya karɓi maganar hannu biyu, ya ce zai ambata wa liman don a ja hankalin magidanta, tunda addini ya hana yin ƙazanta a hanyar mutane da inuwarsu, kuma ya sa ranar Talata mu tafi tare da shi sashen tsabta na gunduma. Inda muka tsaya shi ne masu haya, waɗanda ba sa cikin adashin, alhali gidajensu sun fi yawan ƙananan yara; wasu na ganin a karɓi nasu kyauta da farko, wasu na cewa hakan zai sa masu biya su janye.

Malam Mai Amalanke, ina da tambaya gare ka. Daga kangon zuwa bakin kwalta akwai tafiya mai ɗan nisa cikin yashi, kuma da damina wani wurin yakan yi caɓi. Jaki ɗaya zai iya jan cikakken tano mai lita 200 a irin wannan hanya, ko gara mu yanka shi biyu mu yi wa kowane rabi murfinsa?